Takarda Mai Hoton Yaro

Ku gyara zama, amma kada kowa ya sa ran dariya. Na yi wa 'ya'ya tatsuniya, na yi wa jikoki, har bakina ya saba da kai labari inda zai ƙare da daɗi. Wannan ba irin waɗancan ba ne. Abu ne da ya same ni a cikin garin nan na Sakkwato, na haɗiye shi tun gashina yana baƙi, kuma ba don wata takarda da jikana ya nuna mini ba, da da shi za a kai ni makwancina. Ni ban yi boko ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba. Jikan nawa ne ke riƙe da alƙalami, ina faɗi yana rubutawa, yana miƙe mini harshe yadda mutanen gabas ma za su gane. Na dai ja masa kunne: ya gyara harshe, kada ya gyara magana, kuma inda mutane suka buɗe baki ya bar wa kowa bakinsa.

Shi wannan jika nawa magidanci ne, da matarsa da 'yarsa ɗaya, gida guda muke a Minanata. Sana'arsa zane, amma ba da wuƙa ko alli ba irin na zamaninmu. Da kwamfuta yake yi, a wani shago inda ake buga katin biki da kalanda da takardun da ake mannawa a jikin kwalabe. Yana kirana amarya, ina kiransa maigida, kamar yadda kaka da jika suka gada. Wata rana da hantsi ina zaune a inuwa ina tsintar shinkafa, sai ga shi ya durƙusa kusa da tabarmata, yana ɓoye wani abu a bayansa.

"Amarya, aje faifan nan ki ga aikin maigidanki. In kin yaba, yau akwai tsire."

"Kullum alkawali, ko tsinken ban taɓa gani ba. Kawo in gani."

Ya miƙo mini wata 'yar takarda mai sheƙi, ba ta wuce tafin hannu ba. Launinta shuɗi mai sanyin ido, da furanni a gefe, a tsakiya kuma ga jariri kwance yana barci, kumatu cike, hannu ɗaya a dunƙule kusa da kunne. Na daɗe ina kallonsa. Na ce, "Masha Allahu. Madarar yara ce, ko man shafawa?"

Ya tuntsire da dariya. "Haba amarya! Maganin sauro ne, fiya-fiya. Ba ki ga yaron shina barci lafiya ba? Sauro sun mutu ke nan. Mai kayan ya gani ya yaba. Gobe za mu buga, a manna ga kwalabe, a kai har ƙauyuka."

"Wanda in an sha ake mutuwa?"

"Awo, shi. Ai ga gargaɗi nan an rubuta." Ya sa farce ya nuna mini wani rubutu siriri kamar sawun tururuwa a can ƙasa, da ɗan ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, duka ba su kai ƙwayar wake ba.

Faifan ya suɓuce daga cinyata, shinkafar ta watse, kaji suka taho. Ban kore su ba. Na ce masa, "Zamna. Yau ba ka tahiya shago sai ka ji abin da ko ubanka bai sani ba." Abin da na gaya masa shi zan gaya muku, amma sai na fara daga gidanmu, don in ba ku san gidan da na tashi ba, ba za ku gane abin da na aikata ba.

Gidan mahauta aka haife ni. Ba zakara ke tashinmu ba, ƙarar wuƙa ce a kan dutsen washi, shuu, shuu, sannan takun maza zuwa mayanka, sai gida ya yi tsit, ba ka jin komai sai guga yana bugun bakin rijiya. Da hantsi ya ɗaga sai kaya su fara shigowa a daro, kai da ƙafa, tumbi da hanji. Mata su zauna da tafasasshen ruwa suna kankara suna hira, gatari yana sauka a kan gungume, tim, tim, ana fasa ƙashi. Mu yara aikinmu biyu ne, tsaron kilishin da aka shanya kada shirwa ta sura, da wankin ƙorai da yashi. Ku riƙe wannan da kyau: a gidanmu ƙashi alheri ne. Mai jego ƙauri ake dafa mata. Wanda ya tashi daga ciwo romon ƙashi ake ba shi har ya miƙe. Yaro in ya yi jinkirin tafiya sai a ce a ba shi ɓargo ya tsotsa. Ƙoƙon kan bijimi kuwa da shi muke wasa a bayan gida. Ban taɓa ganin ƙashi na ji tsoro ba.

A wancan zamani mace irina, wadda ba ta karatu, ba makauniya ba ce, domin kowane abu yana sanye da fuskar aikinsa. Ƙoran jere na ɗakin Inna, mahaifiyata, an sassaƙe su an cika zanen da farin alli, don su aikinsu a kalle su ne. Ƙwaryar fura zanenta a baya kaɗai yake, cikinta sumul, kada gari ya maƙale a tsagi ya yi tsami. Ƙwaryar awo ba ta da ado ko ɗaya sai layi guda a baki. Allon yayyena ba a yi masa kwalliya, don kullum wanke shi ake yi. Allon sauka kuwa, wanda malam ke yi wa zayyana da ja da kore da rawaya, sau ɗaya ake yinsa, ba a wankewa. Shaidar da Baba ke sa wa shanun da ya saya a kara, kasuwar dabbobi, ba ta da kyau ko kaɗan, wani ƙaton gicciye ne na shuni a cinya. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi yin mai kyau irin na ƙwarya. Ya ce shi so yake ya gane dabbarsa daga nesa, a tsakiyar garke, ko da tana gudu.

Akwai kuma wani kasko, shi ya fi komai muni a gidan. Gidan nama ba ya rabo da ɓera, to a cikinsa Inna ke ajiye maganinsu. Ta shafe shi da baƙin tukunya, ta ɗaura masa jan tsumma, ta rataye shi can saman azara inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wata rana an sauke shi za a yi shara, ni kuma hannuna yana ƙaiƙayin zane, sai na ji tausayinsa. Na ɗauko alli na yi masa 'yan layuka da ɗige-ɗige irin na ƙoran jere. Ina cikin jin daɗin aikina sai na ji dundu a baya. Inna ba mai duka ba ce, ranar kaɗai ta taɓa sa mini hannu.

"Wa yac ce ki yi ma wanga abu ado? In ƙanenki ya gan shi da kyau, mi za ya hana shi lasa? Maza goge, ki ƙara mashi baƙi!"

Na goge ina kuka. Daga ranar na ɗauki karatu guda, shi ne kaɗai karatun da na yi a duniya bayan na sallah: abu mai kyaun fuska na alheri ne, mai cutarwa kuwa manya sun riga sun munana shi saboda irina. Na yarda da wannan kamar yadda na yarda rana daga gabas take fitowa.

Yanzu fa? In aka ɗauke ni zuwa asibiti ko gidan suna, tun daga Minanata har cikin gari idona ba ya hutawa. Kowane bango da takarda, kowace takarda tana ihu. Mai neman ƙuri'a yana murmushi, mai tallar taliya yana murmushi, mai maganin basir ma yana murmushi. A kanti, robar lemo da ta sabulun ruwa da ta abin wanke masai duk launi guda, duk da furanni, duk da ɗigon ruwa mai sheƙi. Kowa ya yi adon ƙoran jere, ba wanda ya yarda ya zama kasko. Ni da na tashi ina karanta fuskokin abubuwa, yau sai in riƙe leda ina jiran wani ya gaya mini ko ta ci ce ko ta wanki. Amma kada in ɗora wa zamanin nan laifin duka. Takardar farko da ta yi mini ƙarya, tun ina da ƙuruciyata ta zo.

An kai ni gidan miji, ɗan gwaggona, shi ma mahauci, mutumin kirki mai ƙarancin magana. Muna zaune tare da Gwaggo. Allah Ya ba ni ɗa namiji, ɗan fari. Ku na yanzu kuna ɗaukar ɗan fari kuna sumbata a gaban kowa, kuna kiran sunansa har maƙwabta su ji. Mu ba haka aka koya mana ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Gwaggo ke yi masa wanka, ita ke goya shi, ni nono kawai nake ba shi, shi ma ina kawar da kai. In ya faɗi a tsakar gida sai in ci gaba da daka kamar ban gani ba. Amma in na shiga ɗaki na saki asabari, sai in sa hancina a tsakiyar kansa in yi ta shaƙa. Ya fara rarrafe, haƙora biyu sun fito masa a ƙasa, in ya yi dariya kamar ƙwayar shinkafa biyu.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa tana ƙamshi, sai zawo ya kama shi. Aka ce na haƙori ne. Gwaggo ta yi jiƙe-jiƙenta, bai tsaya ba. Cikin kwana uku yaron da ke cika hannu ya koma kamar tsumma, idanu sun faɗa. Ran na huɗu mijina ya sa rigarsa ta fita ya tafi ɗakin shan magani, ya yi musu bayani, suka ba shi gari a takarda. A hanyar dawowa ya biya kasuwa, domin suna da gonar gado wajen Wamakko, shuka ta matso, ya sayi maganin da ake cuɗa iri da shi kada ƙwari su cinye. Ya zuba duka biyun a aljihu guda. Ni duk wannan daga baya na sani.

Ya shigo wajen azahar a gurguje, ya bar rumfarsa ba kowa. Ya tuɓe rigar ya rataye a ɗakina, ya sa ta aiki. Shi ma ɗan fari ne a wurinsa, ba zai dube ni ya yi maganar yaron ba. Sai ya tsaya a tsakar gida, ya fuskanci mahaifiyarsa, ya ce, "Abin yaronku shina aljihun rigata. A dama da ruwa a ba shi." Ya fita.

Gwaggo hannunta dumu-dumu cikin ƙullin kilishi. Ta ce, "To, bari in ida wanga in wanke hannu."

Ni ina ɗaki, yaron yana kan gado yana wani kuka marar sauti, baki kawai yake buɗewa. Na jira. Ina jin Gwaggo tana ta aikinta. Na ƙara jira, sannan na kasa. Na sa hannu a aljihun rigar, sai na ciro takardu biyu. Ɗaya fara ce, an naɗe ta, ba komai a jikinta sai rubutun biro da hatimi, sak irin takardun haraji da maza ke ajiyewa. Ɗayar kuwa, ban taɓa riƙe takarda mai kyaunta ba. Kore da rawaya, tana sheƙi. Ga manomi yana dariya, ga matarsa, ga damman gero a bayansu, a gabansu kuma ga yaro zaune, ƙato, mai kumatu, ya riƙe zangarniya yana kaiwa baki. A can lungu na ga ɗan ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu. Wallahi na gan su, ba zan ce ban gani ba. Na ce a raina, ashe har ƙarfin ƙashi yake sawa.

Taku nawa ne daga ƙofar ɗakina zuwa inda Gwaggo take? Ba su kai goma ba. Na yi shekara da shekaru ina taka su a zuciyata. Da na fita da takardun nan na ce, Gwaggo, wacce ce, da kallo ɗaya ya ishe ta, don ita ta sha ganin ana cuɗa iri. Amma yaya zan fita a gan ni ina rawar jiki a kan ɗan fari? Kuma me zan tambaya? Ga yaro a kwance, ga yaro a takarda. Ban yi shakka ba ko kaɗan. Na yage bakinta, garin ciki mai launi ne kamar alewa, na dama a ludayi. Ya ƙi sha, ya kawar da kai. Na kwantar da shi a cinyata na yi masa ɗura, kamar yadda na ga manya suna yi, ina lallashinsa a hankali don kada a ji ni a waje.

Gwaggo ta gama aikinta ta tsaya yin sallah. Tana sallamewa jikinsa ya fara karkarwa, kumfa tana fita. A nan kunya ta ƙare, na ƙwala ihu. Ta faɗo ɗakin, ta dubi bakin yaron, ta dubi ludayin, ta dubi takardar a ƙasa. Ta sure shi ta fita ko mayafi babu, aka tare wani mai keke, aka aika a kira uban. Ba su kai asibiti da shi ba. Kafin rana ta faɗi an dawo daga maƙabarta.

Da mata suka fara shigowa gaisuwa, na ga Gwaggo ta dunƙule takardar nan mai kyau ta cusa a murhu. Duk wadda ta tambaya sai ta ce mata zawo ne, kwana ya ƙare. Ni kuwa ina zaune a lungu, ido a bushe, domin ɗan fari ba a yi masa kuka a gaban jama'a. Ina ji suna yabona, suna cewa kai, yarinyar nan akwai kawaici. Ban taɓa jin zagi mai zafin wannan yabo ba.

Bayan an watse, wata safiya ta same ni ni kaɗai a bakin rijiya, na zura guga na manta da shi. Ta karɓi igiyar daga hannuna ta ce, "Ɗiyata, saurara, sau guda za ni hwaɗi. Mai shi Ya amshi abinai. Ke ba ki yi nuhin sharri ba, takarda ta yi maki ƙarya. Kada in koma jin wagga magana, ko ga mijinki."

Ban koma ba. Mijina ma har ya koma ga Allah bai taɓa ɗaga maganar ba. Abu guda dai na lura: daga ranar bai sake haɗa abu biyu a aljihu ɗaya ba, kuma duk maganin da ya kawo gida a tafin hannuna yake sawa, ya faɗi na wane ne da bakinsa, ko da Gwaggo tana wurin.

Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Amma na daɗe ina tunanin mutumin da ya zana takardar nan. Ban san shi ba, ban san garinsu ba, kuma na tabbata ba mugu ba ne. An ce masa ya zana abin da zai sa manomi ya saya, ya zauna ya zana burin manomi, rumbu cike, yaro ƙosasshe. Ya tuna da mai sayarwa, ya tuna da mai saye. Bai tuna da matar da ke cikin ɗaki ba, wadda takardar za ta faɗa hannunta ba kowa a kusa. Ita kuma farar takardar, mai maganin gaskiya, ba wanda ya ga ya dace a sa mata ko ɗan hoton yaro.

Da na kai nan, jikana yana ta juya takardar jaririn a hannu. Kaji sun gama da shinkafar.

Ya ce, "Babana bai sani ba?"

"Ya san an yi wani kahin shi, zawo ya ɗauke shi. Iyakar saninai ke nan."

"Kaka," ya ce, ranar bai ce amarya ba, "mai kayan shi yaz zaɓi jaririn ga da kainai. In nic ce ba ni yi, shagon gaba za shi, su buga mashi yadda yake so. Kuma ƙoƙon kan nan hukuma ta ce a sa, na sa."

"Hukuma ta ce a sa shi kamar ƙwayar wake? Bar shi nan, ka ƙara mashi girma. Amma ni ɗiyar mahauta ce, ƙashi ba ya ba ni tsoro. Samo abin da kowace mace in ta gani za ta janye hannu."

"Kamar mi?"

"Kai da anka haihwa Sakkwato kake tambayata? Mi ka iske cikin takalminka bara, har ka tara muna unguwa da ihu, ƙato da kai?"

Ya yi ɗan murmushi. "Kunama."

Ranar a gida ya yi aikin, a gefen tabarmata, kwamfutar a cinya. Kunamar farko da ya nuna mini 'yar ƙarama ce mai sheƙi kamar ɗan kunne. Na ce wannan biki za ta. Ya sake. Na sa ya cire furannin, ya cire shuɗin nan mai sa barci, ya zuba ja. Kunamar ta zama baƙa ƙirin, wutsiya a ɗage. Ni har na gamsu, sai shi ya girgiza kai, ya ce in aka bar ta ita kaɗai wata za ta zaci maganin harbin kunama ne, ta shafa ko ta sha. Gaskiya ya faɗa, ni ban hango wannan ba. Sai ya zana ludayi, ya sa kunamar a cikinsa a tsaye, a ƙarƙashi kuma ga sauro birjik sun mutu ƙafafu a sama. Ƙoƙon kan ya girma, rubutun ma ya girma, na boko da na ajami, don masu iyawa. Na ce masa, ka ga, kai ma ka fara tuna matar cikin ɗaki. Da ya je shago ya bugo ta gwaji, na sa ya kai takardar bakin ƙofa ya ɗaga. Da idanun nan nawa da suka dushe, daga nan inda nake na gane ta.

Washegari da hantsi jikana ya kira mai kayan ya zo gida, wani ɗan kasuwa mai jiki da fara'a. Na ce a shigo da shi, tsohuwa ba ta da kulle. Ya gaishe ni da ladabi, aka ba shi kujera, ya dubi sabuwar takardar, fara'ar ta ragu.

"Hajiya, ku yi mani rai. Wa za shi sayen kwalba da kunama? Na kowa da hure da kala mai daɗi, ni kaɗai za ni hito da abin tsoro? Ai rubutu na nan, mai ido ya karanta."

"Ni ma ina da ido, Alhaji," na ce. "Ga su nan biyu."

Jikana bai yi gardama da shi ba. Ya ɗauko sababbin kwalabe biyu da ba a taɓa zuba komai a ciki ba, ya manna wa ɗaya jaririn, ɗaya kunamar, ya ajiye su a kan tabarma. Sannan ya kira matarsa ta miƙo 'yarsu, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ya dire ta a ƙasa. Ba wanda ya ce mata komai. Ta yi taga-taga, ta wuce jar kwalbar ko kallo babu, ta tsuguna gaban shuɗiyar. Ta sa yatsa a kumatun jaririn, ta yi dariya, ta ɗauka da hannu biyu, ta kai bakin kwalbar bakinta ta ɗaga.

Ni na san ba komai a ciki. Shi ma ya sani, a gabansa aka manna. Amma kafin in motsa, mutumin nan da duk nauyinsa ya riga ya duro daga kujera ya fizge kwalbar, yana salati. Yarinyar ta fasa kuka. Ya tsaya da kwalbar a hannu yana haki, hularsa a ƙasa.

Can sai ya ce a hankali, "Autata kamar wagga take." Ya juya ga jikana. "Buga mai kunamar." Da ya kai ƙofa ya waiwayo, yana ƙoƙarin maido da fara'arsa. "Hajiya, in ba su saidu ba, nan za ni kawo maki su duka."

"Kawo. Sauron gidan ga kaɗai ya ishe su."

An buga. Ko sun sayu ko ba su sayu ba ban tambaya ba, shi kuma bai kawo ba.

Da yammacin ranar da mai kayan ya zo, jikana yana tattara takardun gwaji zai zubar, na ce ya ba ni mai jaririn. Na sa ya ɗauko almakashi ya yanke rubutun, ya yanke ƙoƙon kan, ya yanke furannin, ya bar yaron kaɗai yana barcinsa. Nawa ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba, ko da an zo ɗauka ma ba zan iya tsayawa kusa da shi ba. Wannan bai yi kama da shi sosai ba, sai dai kumatun, da yadda ya dunƙule hannu kusa da kunne. Hoton yaro mai barci ba jikin kwalbar guba ne wurinsa ba. Wurinsa cikin adakar tsohuwa, ƙarƙashin zannuwa.

Jikana ya juya bayan takardar, ya zare biro. "Kaka, mi as sunanai? In rubuta maki."

Na ce ya mayar da bironsa. Na shiga ɗaki na saki labule, na buɗe adaka. Sunan da ban kira ba yana raye, ban kira ba ranar da aka fita da shi, na kira shi sau ɗaya, a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci ba ta so ya firgita. Sannan na rufe adakar.

Shi kam ba za a rubuta shi a nan ba. Maigida, aje alƙalaminka.